Martin Luta: Mutumin da Ya Taka da Ƙafa Zuwa Roma Neman Salama

Karatu: Romawa 1:16-17, Yahaya 4:19-24, Afisawa 2:8-10

 A wannan karo za mu duba rayuwar wani bawan Allah mai suna Martin Luta, mutumin ƙasar Jamus. Kada a haɗa shi da Martin Luta Kin na Amurka, wanda ya yi gwagwarmayar 'yancin baƙar fata. Wannan ya riga wancan da fiye da shekara 400. Mutane da yawa sun san Luta a kan gyaran ikilisiya da fassarar Littafi Mai Tsarki, amma kaɗan ne suka san cewa kafin duk wannan ya taɓa yin doguwar tafiya da ƙafa zuwa birnin Roma, yana neman abin da zai kwantar masa da zuciya. Tambayar da ta dame shi ita ce take damun kowane mai zunubi: ta yaya mutum zai sami karɓuwa a gaban Allah mai tsarki?

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Martin Luta ran 10 ga Nuwamba, 1483, a garin Eisleben. Kashegari aka yi masa baftisma. Sunan mahaifinsa Hans, mahaifiyarsa kuwa Margareta. Yana jariri suka ƙaura zuwa Mansfeld, inda mahaifinsa ya shiga sana'ar haƙar jan ƙarfe da narka shi. Hans ya sha wahala kafin ya sami abin hannu, saboda haka ya ƙudura cewa ɗansa zai yi karatu ya zama lauya. A 1501 Martin ya shiga jami'ar Erfurt, ya gama digirinsa na biyu a 1505, ya kuma fara karatun shari'a yadda mahaifinsa ya so.

Ran 2 ga Yuli, 1505, yana kan hanyar komawa Erfurt daga ganin gida, sai hadari ya rutsa da shi kusa da wani ƙauye mai suna Stotternheim. Tsawa ta faɗi dab da shi. Tsoron mutuwa da na shari'ar Allah ya kama shi, har ya yi wa'adi nan take cewa idan ya tsira zai bar duniya ya zama ɗan zuhudu. Bayan mako biyu, ran 17 ga Yuli, ya shiga gidan 'yan zuhudu na ƙungiyar Agustin a Erfurt. Mahaifinsa ya yi fushi ƙwarai, gama a ganinsa yaron ya zubar da duk wahalar da aka sha dominsa.

A gidan zuhudu Luta bai yi wasa ba. Yana azumi, yana tashi cikin dare domin addu'a, yana horon jikinsa da sanyi da rashin barci. Yakan ɗauki sa'o'i yana furta zunubansa a gaban firist, da ya fita kuma sai ya tuna da wani da bai ambata ba. A 1507 aka naɗa shi firist. Duk da haka zuciyarsa ba ta huta ba. Idan ya ji an ambaci adalcin Allah, abin da yake gani shi ne alƙali mai fushi wanda ba mai iya gamsar da shi. Shugabansa, Yohanna Staupitz, mutum ne mai haƙuri, yakan gargaɗe shi ya daina duban kansa ya dubi raunukan Almasihu. Amma lokacin ganewarsa bai yi ba tukuna.

Tafiya zuwa Roma

A zamanin nan akwai manyan wurare uku da Kiristocin Turai suke zuwa ziyarar ibada: Urushalima, da Roma, da Santiyago ta ƙasar Sifen. Yawancin maziyarta da ƙafa suke tafiya, da sanda a hannu da jaka a kafaɗa. Suna kwana a gidajen zuhudu da masaukan da aka gina musu a bakin hanya. Waɗansu ciwo yake kashe su, waɗansu 'yan fashi suke tare su. An koya musu cewa wahalar hanya da ziyartar kaburburan tsarkaka suna rage horon da yake jiran mutum saboda zunubinsa.

Wajen shekara ta 1510 wata gardama ta tashi a ƙungiyar Agustin a kan yadda za a tafiyar da gidajensu na Jamus. Aka aiki Luta tare da wani ɗan'uwa su kai maganar Roma. A wurin ƙungiya, aike ne. A wurin Luta kuwa, dama ce da ya daɗe yana marmari, domin ya ɗauka cewa a birnin da aka binne Bitrus da Bulus, inda jinin shahidai ya zuba, zai sami abin da ya rasa a ɗakinsa.

Nisan hanyar ya fi kilomita 1,000 zuwa kaɗai, wato ya fi tsakanin Yamai da Damagaram. Da ƙafa suka yi ta, a lokacin sanyi, kuma dole suka ƙetare manyan duwatsun Alps inda ƙanƙara take rufe hanya. Tafiyar ta ci fiye da wata guda. Sun bi ta Milan da Fulorens. Luta mutum ne mai lura, kuma har ya tsufa yana yabon asibitocin da ya gani a Italiya, da tsabtarsu, da yadda ake kula da marasa lafiya da jariran da aka yar. Sa'ad da ya hango Roma daga nesa, sai ya faɗi ƙasa ya gai da birnin, yana ɗaukarsa wuri mai tsarki.

Ya yi kusan wata guda a can. Ya bi manyan majami'un da maziyarta suke zagayawa, ya shiga ramummukan ƙarƙashin ƙasa inda aka binne Kiristocin farko, ya ga ƙasusuwa da kayayyakin da ake cewa na tsarkaka ne. A lokacin ya gaskata duk abin da aka faɗa masa. Bisa ga koyarwar da ya tashi a ciki, akwai wani wuri da ake kira Furgatori, inda rayukan masu bi suke shan horo kafin su shiga sama, kuma ibadar masu rai tana iya gajarta musu kwana. Daga baya shi da kansa ya ba da labari cewa har ya yi baƙin ciki da iyayensa suna da rai, domin da sun mutu da ya fitar da su daga can ta wurin sujadar da yake yi a Roma. Dubi inda neman ceto ta wurin ayyuka yake kai mutum mai gaskiyar zuciya.

Amma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Luta ya ga firistoci suna gaggauta sujada kamar masu gudun ruwan sama, har suna matsa masa ya yi sauri ya ba su wuri. Ya ji waɗansu suna ba'a da abubuwa masu tsarki. Ya so ya furta dukan zunuban rayuwarsa tun daga ƙuruciya, amma waɗanda ya samu ba su iya taimakonsa ba. Wannan ya ɓata masa rai ƙwarai.

Akwai wata matakala kusa da majami'ar Lateran, mai hawa 28. An ce daga fadar Bilatus aka kawo ta, kuma ita ce Yesu ya taka ranar da aka yi masa shari'a. Maziyarta ba sa hawanta da ƙafa, sai da gwiwa. Har wa yau tana nan a Roma, mutane suna hawa. Luta ya durƙusa ya hau ta, yana yin Addu'ar Ubangiji a kowane mataki, domin ya fitar da ran kakansa daga Furgatori. Da ya kai sama, sai shakka ta shiga zuciyarsa: wa ya tabbatar cewa haka abin yake? Akan ba da wani labari cewa a kan matakalar ne ayar Romawa 1:17 ta faɗo masa har ya miƙe tsaye, amma wannan ya fito ne daga bakin ɗansa bayan shekaru masu yawa. Abin da Luta da kansa ya faɗa cikin wa'azi a 1545 shi ne shakkar. Ya taka fiye da kilomita dubu, ya hau matakala da gwiwa, ya sauko da nauyin da ya hau da shi.

Sai ya sake ɗaukar sandarsa ya koma Jamus da ƙafa.

Inda ya sami abin da yake nema

Kada mu ɗauka cewa da dawowarsa ya yi wa ikilisiya tawaye. Ya ci gaba da zama ɗan zuhudu mai biyayya har shekaru. Staupitz ya ga cewa maganin damuwarsa shi ne a sa shi ya zauna da Maganar Allah, sai ya matsa masa ya ƙara karatu. A 1512 Luta ya zama dakta na ilimin tauhidi, aka ba shi aikin koyar da Littafi Mai Tsarki a jami'ar Wittenberg. Daga 1513 ya koyar da Zabura, a 1515 ya shiga Romawa, daga nan Galatiyawa da Ibraniyawa.

A cikin wannan nazari ne haske ya zo masa. Ya yi ta tunani dare da rana a kan Romawa 1:17, inda Bulus ya yi maganar adalcin Allah da bishara take bayyanawa. Dā yana ƙin wannan kalma domin yana ganin ma'auni ne da Allah yake hukunta mu da shi. Yanzu ya gane cewa Bulus yana maganar adalcin da Allah yake ba mai zunubi kyauta saboda Almasihu, wanda ake karɓa ta wurin bangaskiya. Almasihu ya riga ya biya bashin a kan gicciye. Luta ya kwatanta wannan ganewa da sabuwar haihuwa, kamar an buɗe masa ƙofar Firdausi. Abin da ya je nema a ƙetaren duwatsu yana cikin Littafin da yake ajiye a ɗakinsa tun tuni.

A 1517 wani mai wa'azi mai suna Yohanna Tetzel ya zo kusa da yankinsu yana sayar da takardun rangwamen horon zunubi. Wani kashi na kuɗin ana kai shi Roma domin ginin babbar majami'ar Bitrus, wanda aka fara a 1506. Luta ya ga talakawan da yake kiwo suna ba da ɗan abin da suke da shi, suna dawowa da takarda a maimakon tuba. Ran 31 ga Oktoba, 1517, ya fitar da batutuwa 95 domin muhawara, ya kuma aika wa babban bishop na Mainz. Batu na farko yana koyar da cewa dukan rayuwar mai bi ya kamata ta zama ta tuba. Na'urar buga littattafai ta baza batutuwan ko'ina a Jamus cikin ɗan lokaci.

A 1520 ya rubuta wa sarakunan Jamus, ya taɓo maganar ziyarar ibada a matsayin wanda ya taɓa yin ta. Bai ce tafiyar mugun abu ce a kanta ba. Damuwarsa ita ce, mutum yakan kwashe dukiyarsa ya tafi Roma, abin da Allah bai umarce shi ba, ya bar matarsa da 'ya'yansa cikin rashi, abin da Allah ya hana. Ya ba da shawara cewa duk mai niyyar tafiya ya fara bayyana dalilinsa ga mai kiwonsa, idan kuwa neman lada ne, a nuna masa ya kashe kuɗin a kan iyalinsa da matalautan da suke kusa da shi.

A Janairu 1521 Paparoma ya fitar da shi daga ikilisiya. A watan Afrilu aka kira shi birnin Worms gaban Sarkin Sarakuna Shal na Biyar, aka ce ya janye littattafansa. Ya roƙi a ba shi kwana ɗaya ya yi tunani. Kashegari ya amsa cewa lamirinsa yana ɗaure da Maganar Allah, kuma ba zai janye ba sai an nuna masa kuskurensa daga Nassi ko da hujja bayyananniya. Aka yanke cewa doka ba ta kāre shi kuma. A kan hanyar komawa, mutanen Sarki Firedirik na Saksoni suka ɗauke shi suka ɓoye shi a fadar Wartburg. A can ya fassara Sabon Alkawari daga Helenanci zuwa Jamusanci cikin kusan mako 11, aka buga shi a Satumba 1522. Dukan Littafi Mai Tsarki ya fito a 1534. Burinsa shi ne uwa a gida da mutum a kasuwa su ji Allah yana magana da harshensu. Wannan buri ne ya bi ta hannun masu fassara na baya har muka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

A 1525 ya auri Katarina, wadda dā 'yar zuhudu ce. Allah ya ba su 'ya'ya shida. Biyu sun rasu tun iyayen suna da rai, ɗaya tana jaririya, ɗaya kuma, Magadaliya, tana da shekara 13. Ya rubuta waƙoƙin sujada, ya kuma rubuta ƙaramin littafin koyarwa a 1529 domin iyaye su koya wa yaransu a gida.

Rauninsa da ƙarshensa

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye laifin Dawuda ko na Bitrus ba, mu ma ba za mu ɓoye na Luta ba. Mutum ne mai zafin baki. A lokacin tawayen manoma na 1525 ya rubuta kalmomi masu tsanani yana zuga sarakuna su murƙushe su. A 1543 ya rubuta mugayen abubuwa a kan Yahudawa, waɗanda ba su dace da bishara ba ko kaɗan, kuma ikilisiyoyin da suke ɗauke da sunansa sun yi tir da su a fili. Wanda ya koyar da ceto ta wurin alheri shi ma yana bukatar alherin nan har ranar mutuwarsa.

Tafiyarsa ta ƙarshe ta sulhu ce. A Janairu 1546, yana fama da ciwo, ya tafi Eisleben cikin sanyi domin ya sasanta sarakunan Mansfeld da suke rikici. An yi sulhun. Ran 18 ga Fabrairu, 1546, ya rasu a garin da aka haife shi, yana da shekara 62. A wata 'yar takarda da aka samu bayan mutuwarsa, ya rubuta cewa dukanmu masu bara ne a gaban Allah. An binne shi a majami'ar fada ta Wittenberg.

Ya kamata mu ambata cewa ikilisiyar Katolika ta hana cinikin takardun nan tun a ƙarni na 16. A 1999 kuma, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Lutaran suka sa hannu a kan wata sanarwa, suna shaida tare cewa ta wurin alheri ne Allah yake karɓarmu, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu. Saboda haka ba mu kawo wannan tarihi domin a yi wa wani gori ba.

Abin da za mu koya

Na farko, tafiya zuwa wuri mai tarihi ba laifi ba ce. Yusufu da Maryamu suna zuwa Urushalima kowace shekara domin Idin Ƙetarewa, kamar yadda Luka 2:41 ya nuna. Zabura 120 zuwa 134 waƙoƙi ne na masu haurawa zuwa Haikali. Idan Allah ya ba ka hali ka je ka ga Baitalami da Tekun Galili, ka je da godiya, za ka ƙara fahimtar abin da kake karantawa. Luta ma ya ce ganin Roma ya amfane shi. Amma ka sani, wanda ya je bai fi wanda bai je ba kusanci da Allah. Matar nan ta Samariya ta tambayi Yesu a kan wane dutse ne ya kamata a yi sujada. Ubangiji ya nuna mata cewa abin da Uba yake nema shi ne masu yi masa sujada da zuciya ta gaskiya ta wurin Ruhu, ko a ina suke. Tsohuwar da take addu'a a bukkarta, wadda ba ta taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba, Allah yana jin ta.

Na biyu, kowannenmu yana da matakalar da yake hawa da gwiwa. Wani yana dogara ga yawan azuminsa. Wani ga baikon da yake bayarwa, ko muƙaminsa a ikilisiya. Wani yana yawo daga wurin wannan mai addu'a zuwa wancan, yana sayen mai da ruwa da kyalle, yana zaton a nan ne albarka take. Idan ka sa begenka a kan waɗannan, za ka kai sama ka tarar da tambayar Luta tana jiranka. Afisawa 2:8-9 ta koya mana cewa ceto baiwa ce daga Allah, ba ladan aikinmu ba, domin kada kowa ya sami abin taƙama. Aya ta 10 kuma ta nuna cewa ayyuka nagari suna biyo baya, su ne 'ya'yan da itacen yake bayarwa.

Na uku, hidimar da Allah ya ba ka tana farawa daga ƙofar gidanka. 1 Timoti 5:8 tana da gargaɗi mai nauyi ga wanda ba ya kula da iyalinsa. Kafin ka tara kuɗin wata tafiya ko wani babban taro, ka duba ko yaranka sun ci, ko an biya kuɗin makarantarsu, ko gwauruwar da take maƙwabtaka da kai tana da hatsi.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila kai ma ka gaji da ƙoƙarin gamsar da Allah, kana kwana da tsoron cewa ba ka yi abin da ya isa ba. Gaskiya ne, ba ka yi ba, ba kuwa za ka iya ba. Amma Yesu ya yi. Shi ne ya bar sama ya zo wurinmu, ya ɗauki gicciye zuwa Golgota, ya mutu saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi a inda kake yau. Ibraniyawa 11:13-16 ta tuna mana cewa dukanmu baƙi ne a duniya, muna kan hanya zuwa birnin da Allah ya shirya. Mu yi wannan tafiya da zuciyar waɗanda aka riga aka karɓa.

Abin tunani: A kan me nake dogara domin Allah ya karɓe ni? Akwai wani hakki na iyalina ko na maƙwabcina da na bari da sunan ibada?

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin Ɗanka Yesu Almasihu wanda ya biya bashin zunubanmu. Ka gafarta mana inda muka dogara ga ayyukanmu. Ka ba mu ƙaunar Maganarka, ka koya mana yi maka hidima da farin ciki a gidajenmu da cikin maƙwabtanmu. Ka riƙe mu har mu kai gida lafiya. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.